Ko Kun Sani? Gado Iri Biyu a Kumasi

A Kumasi ta da, in manomi Ba'asante mai bayi ya rasu, ba ɗansa ke gadonsa ba. Gona da bayi da sauran dukiya duk dangin uwa suke bi: ɗan'uwansa da suke ciki ɗaya, in babu shi kuma ɗan 'yar'uwarsa. Bawan da aka sayo daga arewa, wanda suke kira odonko, cikin kaya ake lissafa shi. Amma jikokinsa kan narke cikin dangin ubangijin, har in magada sun ƙare, gadon ya faɗo musu. Tona asalin mutum kuwa babban laifi ne a Asante.

A Zongon Kumasi, wajen Hausawa fataken goro, malami ake kira ya raba bisa mazhabar Malikiyya. Namiji rabon mata biyu, matan mamaci su raba sumuni in akwai 'ya'ya. Bawa ba ya gado, gadonsa ake yi, sai dai ƙwarƙwarar da ta haifa wa maigida, wadda ke samun 'yanci ranar da ya rasu, ɗanta kuma ya ci gado daidai da ɗan uwargida. Ƙasa dai ba ta shiga rabo, domin ta sarakunan Asante ce, baƙo gini kawai ya mallaka.

Turawa sun haramta bauta a Asante a 1908. A 1985 gwamnatin shugaban ƙasa Rawlings ta kafa doka mai lamba 111, wadda ta ba mata da 'ya'ya gidan mamacin da bai bar wasiyya ba, Musulmi ne ko Ba'asante.