Maganin Ƙwallon Sara A Wasan Ƙwallon Tebur

Duk wanda ya taɓa riƙe katakon ƙwallon tebur ya san wannan takaici: ga ƙwallo tafe sannu a hankali kamar ba ta da mugunta, ka kai mata bugu, sai ta faɗa raga. Abin da ya faru shi ne abokin wasanka ya sare ta daga ƙasa, watau ya turo ta tana juyawa da baya. Gefenta da ke fuskantarka sama yake gudu, saboda haka da ta taɓa robar katakonka sai ta kama ta, ta nufi ƙasa.

Hanya mai sauƙi ita ce ka kwantar da fuskar katakon ta dubi sama, ka shiga ƙarƙashin ƙwallon ka tura. Amma fa turawa kare kai ce kurum. A birnin Farag, cikin 1936, wajen gasar duniya, Alojzy Ehrlich na Folan da Farkas Paneth na Romaniya suka yi ta tura wa juna ƙwallo fiye da sa'a biyu kafin a ci maki na fari. A 1937 aka rage tsawon raga zuwa inci 6 don masu kai hari su sami ƙofa. Yau kuwa in wasa ya kai minti 10 bai yi nisa ba, akan shiga dokar gaggawa: mai karɓa in ya mayar sau 13, maki nasa ne.

To, ainihin maganin daga Japan ya fito, bayan Hiroji Satoh ya ci gasar duniya a Bombai a 1952 da katako mai soso. Wajen 1960 'yan wasansu suka ƙware da ɗaga ƙwallon sara. Mutum ya durƙusa kaɗan, ya sauke katako wajen gwiwarsa, sa'an nan ya miƙe yana shafar bayan ƙwallon zuwa sama da sauri. Ƙarfin daga ƙafa da ƙugu yake, hannu ƙarashe ne. Abin lura a nan, wannan shafa ba ta gaba da juyin ƙwallon, binsa take yi, sai dai lalle katakon ya fi juyin sauri. Mai nawa raga zai sha.

Har wa yau akwai tarko. Gwanin sara yakan yi kamar ya sara, alhali turowa ya yi ba juyi, kai kuwa ka ɗaga da ƙarfi ta wuce tebur. Don haka a dubi katakonsa lokacin da ya taɓa ƙwallo, a kuma dubi tambarin da ke jikinta: in ana ganinsa sarai, juyin kaɗan ne. Da sara da irin wannan yaudara Joo Sae-hyuk na Koriya ta Kudu ya kai wasan ƙarshe na duniya a Faris a 2003, inda Werner Schlager na Ostiriya ya rinjaye shi.