Iyakokin Kalmar "Fasaha" a Manhajar Hausa: Misalai daga Katako da Kewaye, Jos

1.0 Gabatarwa

Kalmar "fasaha" tana cikin kalmomin da suka fi yawan fitowa a manhajar Hausa, amma ba kasafai ake tsayawa a fayyace ta ba. Asalinta Larabci ne, inda take nufin iya magana sarai ba tare da gargada ba. Bahaushe ya aro ta ya faɗaɗa ma'anarta zuwa hazaƙa da gwaninta. A yau ana cewa "kimiyya da fasaha" ana nufin injuna, ana cewa "fasahar baka" ana nufin waƙa da kirari, sannan ita ce dai ake fassara darasin zane da sassaƙa da ita, musamman tun da Hukumar NERDC ta haɗa zane da kiɗa da wasan kwaikwayo a darasi guda cikin manhajar shekara 9 ta 2007. Wannan maƙala ta taƙaita ne ga fasahar da hannu ke yi ido ya gani, kuma tambayarta ɗaya ce: wane abu malami zai kira aikin fasaha a gaban ɗalibansa, wane ne kuma ba zai kira ba?

2.0 Kasuwa da Gidan Tarihi

An zaɓi Katako ne saboda ɗalibin wannan unguwa yana zaune tsakanin wurare biyu da ke ba tambayar amsa mabambanta. Na farko kasuwar Katako ce, inda ake sayar da hatsi da gwanjo da katako, kafintoci kuma suna harhaɗa gadaje da kujeru da kabad na kayan ɗakin amare. Na biyu shi ne Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952 ƙarƙashin Bernard Fagg, tafiyar ɗan lokaci ce daga kasuwar. Abin da aka saba koya wa yaro, ko da ba a furta ba, shi ne cewa abin da ke cikin gilashi a gidan tarihi fasaha ne, abin da mahaifinsa ke yi a rumfa kuwa sana'a ce kawai.

Tarihin kayan gidan tarihin da kansa ya rushe wannan rabo. Mutum-mutumin yumɓu na Nok, waɗanda suka haura shekara 2000, masu haƙar kuza ne suka fara tono su a 1928. Shahararren kan nan na Jama'a da ya isa hannun Fagg a 1943, sai da ya yi kimanin shekara guda a kafe a gonar doya yana korar tsuntsaye. Kan bai sauya ba tsakanin gona da gilashi. Masu kallonsa ne suka sauya. Haka nan a sashen gine-ginen gargajiya na gidan tarihin an kwaikwayi Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim. Masallacin don salla aka gina shi, ba don kallo ba, amma laƙabin da aka ba maginin ya nuna cewa Zazzagawa sun san abin da suke gani tun kafin wani Bature ya auna bakan-gizon rufinsa.

3.0 Ma'aunai Biyu da Ba Su Wadatar Ba

Ma'aunin farko da ake yawan kawowa shi ne na amfani: wai aikin fasaha shi ne wanda ba a yin komai da shi sai kallo. In aka bi wannan, aska takwas ta babbar riga ta fita, zanen ƙwarya ya fita, allon zayyana na mai saukar Alƙur'ani ma ya fita. Wato kusan duk abin da Bahaushe ya ƙawata an kore shi ke nan. Misalin Ladi Kwali ya isa a yi tunani a kai. Ta riga ta ƙware a ginin tukwane irin na Gwari kafin ta shiga cibiyar Michael Cardew ta Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954. A can aka riƙa shafe tulunanta da ruwan gilashi ana gasa su da wuta mai tsanani, suka yi nauyi, suka daina tsatsafar da ke sanyaya ruwa. Irin waɗannan ne aka kai baje-koli Turai, hotonta kuma ya hau takardar naira 20. Shin za mu ce sai da tulun ya daina sanyaya ruwa hannunta ya zama na mai fasaha?

Ma'auni na biyu kishiyar wannan ne: duk abin da masana suka amince su baje, ya zama fasaha. Tushensa a Turai da Amurka yake. A 1917 Marcel Duchamp ya sayi kaskon fitsari na kanti, ya sa masa hannu, ya aika da shi wani baje-koli a birnin New York. Ba a nuna shi ba a lokacin, amma a 2004 masana 500 suka zaɓe shi a matsayin aikin da ya fi tasiri a fasahar zamani. Wannan ma'auni ya mayar da hukunci hannun 'yan tsiraru, kuma ba ya ba malamin aji huɗu na firamare abin da zai gwada aikin yaro da shi.

4.0 Ma'aunin da Ke Bakin Mutane

Wanda ya saurari ciniki a rumfar kafinta zai ji kalmomi uku da ba a cakuɗa su: "ya yi ƙarko", "ya yi kyau", da "wannan aikin gwani ne". Ƙarko na sana'a ne. Kyau kuwa yakan zo ko ba mai yi, domin jijiyar katakon maɗaci tana da kyau, duwatsun Shere ma haka, kuma ba wanda ke kiransu fasaha. Magana ta uku ce ta shafe mu. Gado na buƙatar ƙafafu huɗu da ƙusa. Ba ya buƙatar dagin da aka sassaƙa a allon kansa, ko daidaita tsawon allon da faɗinsa yadda ido zai natsu. Wannan ƙari, wanda buƙata ba ta tilasta ba, wanda mai yi ya zaɓa da gangan, kuma masu sanin abin za su iya yabawa ko kushewa da hujja, shi ne muke ganin ya cancanci sunan fasaha.

Ma'aunin yana da iyaka, kuma nan ne amfaninsa. Tarin katako ba ya shiga. Benci ɗari da aka buga a kan awo ɗaya don makaranta ba su shiga, duk ƙarkonsu. Sai dai akwai abin da ke tsaye a bakin iyaka, kamar jeren ɗakin amarya. Kwanuka da tangaran duk daga masana'anta suke, 'yan jere ba su ƙera ko ɗaya ba. Duk da haka mata na shiga su ce wannan jere ya tsaru, wancan an cushe shi, su kuma faɗi dalili: launi ya yi karo da launi, ko manya sun danne ƙanana. A ra'ayinmu jere ya shiga, kuma ya fi kaskon Duchamp hujja, domin alƙalansa ba sai an gayyato su ba.

5.0 Abin da Ya Shafi Aji

A manhajar Hausa sassaƙa da ƙira da dukanci da ɗinki suna ƙarƙashin "sana'o'in gargajiya", tambayoyin jarrabawa kuma sukan tsaya ga lissafo kayan aiki: gizago, uwar maƙera, zuga-zugi. Yana da kyau a ƙara darasin kalmomin hukunci, a kawo huluna biyu ko ƙore biyu, a nemi ɗalibi ya faɗi wadda ta fi, ya kare zaɓinsa da Hausa mai ma'ana. Maki na hujjar ne, ba na dacewa da ra'ayin malami ba.

Akwai kuma batun surar mai rai. Ajin Jos yakan haɗa yaran gidaje daban-daban, wasu iyayen Musulmi kuma ba su yarda 'ya'yansu su zana ko su gina siffar mutum ba. Nazarin kan Nok a matsayin tarihi daban ne da tilasta wa yaro ya gina irinsa. In manhaja ta ba da zaɓi tsakanin gina siffa da zayyana ko zanen dagi, aka kuma auna su da ma'auni ɗaya, ba ɗalibin da zai rasa maki saboda tarbiyyar gidansu.