Gidan Da Yake Warkar Da Yaro

 A yau za mu yi magana a kan matasan da zaman gida ya gagare su, har aka kai su wani gida na musamman domin a yi musu jiyya ta zuciya da ta hali. Wani ya faɗa shaye-shaye, wani sata, wani kuwa fushi ne yake cinsa har ba mai iya zama da shi. Me ake yi a irin wannan gida da yake sa yaro ya warke? Bari mu duba misali guda daga ƙasar Amurka.

A watan Disamba na 1917, wani limamin Katolika mai suna Fada Edward Flanagan ya ranci dala 90, ya kama hayar gida a birnin Omaha, ya karɓi yara maza biyar. A ganinsa ba yaron da aka haifa mugu; mugun wurin zama da mugun misali su ne suke lalata shi. Yana karɓar kowane yaro, ba ruwansa da launin fata ko addini. A 1921 ya ƙaura da su zuwa wata gona a bayan gari, wurin da aka sani yau da suna Boys Town, wato Garin Samari. A can yaran suna zuwa makaranta, suna koyon sana'a, har suna zaɓen shugabansu daga cikinsu. Fada Flanagan ya rasu a 1948, aikin kuwa ya ci gaba.

Sa'ad da yara suka yi yawa, sai aka riƙa kwantar da su a manyan ɗakuna kamar barikin soja. Ana ba yaro abinci da tufafi, amma da wuya a sami babba guda wanda ya san shi ciki da waje. Saboda haka a tsakiyar shekarun 1970 aka sāke tsari. Aka ɗauko wata hanya da malaman Jami'ar Kansas suka fara gwadawa a 1967, aka raba yaran ƙananan gidaje. A kowane gida akwai miji da mata waɗanda aka horar, suna zaune dare da rana tare da yara shida zuwa takwas. Tare ake cin abinci, tare ake wanke kwanuka. Tun 1979 kuma ana karɓar 'yan mata.

Me ya sa wannan tsari yake da muhimmanci? Gama yawancin yaran nan sun sha wuya tun suna ƙanana. Tsakanin 1995 da 1997 an yi wani babban bincike a Amurka a kan mutane fiye da 17,000. Aka tarar cewa gwargwadon yawan wahalar da mutum ya sha a ƙuruciya, kamar duka, cin zarafi, ko zama da iyaye mashaya, gwargwadon haka hatsarin shaye-shaye da ciwon baƙin ciki da yunƙurin kashe kai yake ƙaruwa a kansa. Yaron da ya tashi cikin tsoro, jikinsa ya saba da zaman ko-ta-kwana. Ka ɗaga masa murya kaɗan, sai ya gudu ko ya yi faɗa. Mu muna cewa taurin kai ne, ashe tsoro ne ya yi masa katutu.

Don haka magani na farko shi ne kwanciyar rai. Dole yaro ya san cewa ba mai dukansa a gidan nan, abinci yana zuwa a kan lokaci, wanda ya yi masa sai da safe kuma shi ne zai tashe shi gobe. Likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara zai gan shi na ɗan lokaci a mako, wannan kuwa yana da amfani ƙwarai. Amma sauran sa'o'in duka a hannun masu zama da shi suke, a nan ne kuwa yawancin warkarwa take faruwa.

Na biyu shi ne koyarwa dalla-dalla. A Boys Town ba a ce wa yaro ya zama mai ladabi a bar shi haka. Ana rarraba masa abin mataki-mataki. In an ba shi umarni, ya dubi mai magana, ya amsa, ya aikata, sa'an nan ya dawo ya faɗa cewa ya gama. Haka ake koya masa yadda zai karɓi "a'a" ba tare da ya fasa kaya ba, da yadda zai roƙi gafara. In ya yi daidai, a yabe shi nan take, a ba shi maki waɗanda za su zama masa wata dama. In ya kuskure, a rage makin, a sāke gwadawa tare da shi. Sannu ba ta hana zuwa.

Na uku shi ne iyali. Gidan jiyya zango ne, yaro zai koma wurin danginsa wata rana. In an gyara shi, gida kuwa yana nan yadda yake, aikin zai rushe. Shi ya sa dokar da Amurka ta kafa a 2018 ta ce gidan da yake son tallafin gwamnatin tarayya na dogon lokaci sai ya sa iyali cikin jiyyar, ya kuma bi sawun yaron aƙalla wata shida bayan an sallame shi.

'Yan'uwa, maganar nan ta shafe mu. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fitar da mutane fiye da 300, manya da yara, daga wani gida a Kaduna, waɗansu da mari a ƙafa, da tabon bulala a baya. Da yawansu danginsu ne suka kai su da fatan a gyara musu hali. Iyayen da ɗa ya gagara suna cikin zafi, bai kamata mu yi musu dariya ba. Amma sarƙa ba ta taɓa cire tsoro daga zuciyar yaro ba, sai dai ta ƙara shi.

Saboda haka, in larura ta kai ɗayanmu ga neman irin wannan gida, sai ya yi tambaya tun kafin ya miƙa ɗansa. Hukuma ta san da gidan? Yara nawa ne a hannun babba guda? Wane horo masu lura da su suka samu? Me ake yi wa yaro in ya yi laifi? Za a bar mu mu ziyarce shi, mu yi magana da shi mu kaɗai? Wane shiri aka yi domin komowarsa? Gidan da ya ƙi amsa waɗannan, a guje shi.

Mu kuma maƙwabta da dangi, ranar da yaron ya dawo, kada mu riƙa nuna shi da baki. Mu gaishe shi da sunansa, mu jawo shi cikin sa'o'insa, wanda yake da sana'a ya ɗauke shi koyo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba mu haƙuri da hikima a kan 'ya'yanmu. Ku huta lafiya, sai mun sāke saduwa.