Idon Direba Na Titi Ne

Matar da ta daɗe a madafarta ba ta neman tocila kafin ta ɗauko gishiri. Ko an ɗauke wuta ana tsakiyar girki, hannunta ya san inda ludayi yake rataye, ya san gwangwanin daddawa daban da na kanwa, idonta kuwa yana kan tukunya kada ta kama. Haka tsohon direba yake da motarsa. Waɗanda suka ja Fijo 504, irin wadda kamfanin PAN ya yi shekara da shekaru yana harhaɗawa a Kaduna, za su gaya maka ba su taɓa sunkuyawa neman sigina ko waifa ba. Yatsa ya lalubo, ya ji ɗan tudu, ya danna, kunne ya ji ƙas, magana ta ƙare. Ido bai bar kwalta ba.

To yanzu a ce wani gwanin kafinta ya zo ya ce zai zamanantar da madafar nan. Ya kwashe gishiri da ludayi da ashana ya zuba a kabad guda mai ƙofar gilashi, sumul, babu mariƙi. In tana son gishiri sai ta buɗe aljihu, a cikinsa akwai wani aljihun, a cikin wannan ma akwai wani. Kyau dai ya yi kyau, baƙi za su yaba. Amma kafin ta kai ga gishirin miya ta ƙone. Abin da masu ƙera motocin zamani da yawa suka yi ke nan. Sun share maɓallan gaban mota, sun kafa allo guda na gilashi irin na babbar waya, wanda ake shafawa. Sanyin mota yana ciki, rediyo yana ciki, a wasu ma har saurin waifa. Gilashi kuwa ba shi da tudu ba shi da kwari, yatsa ba ya gane komai a kansa sai ido ya raka shi.

Ina idon zai baro? Ka ɗauki titin Panshekara bayan Magariba, ko ka fito daga Ɗorayi ka bi ta Ja'en za ka Sharaɗa. Tirela ta taso daga Chalawa da kaya, ɗan A Daidaita Sahu ya ga fasinja ya tsaya ba sallama, mai kurar ruwa yana turawa a gefen kwalta, ma'aikatan kamfani da suka tashi aiki suna kan kekuna, yaro ya yanko da gudu ya sayo kalanzir. Motar da take gudun kilomita 60 a awa tana cinye sama da mita 30 cikin daƙiƙa biyu, wato kusan sulusin filin ƙwallo. Wanda ya sunkuya daƙiƙa biyu yana neman inda zai rage sanyi, duk wannan tafiyar ya yi ta ne a makance. Taura biyu ba ta taunuwa.

Turawa ma sun gwada abin da kansu. A 2022 wata mujallar motoci ta ƙasar Suwidin mai suna Vi Bilägare ta jera sababbin motoci tare da wata tsohuwar Volvo ta 2005 wadda ba ta da allon shafawa. Aka sa direba ya yi 'yan aikace-aikace yana cikin gudu, kamar canza tasha da ƙara ɗumi. A tsohuwar, cikin daƙiƙa 10 ya gama. A wadda ta fi ba shi wahala cikin sababbin sai da ya kusa daƙiƙa 45, ya share sama da kilomita guda hankalinsa a rabe. A Jamus kuma, a 2020, kotu ta tabbatar da tara da dakatar da tuƙi na wata guda a kan wani direban Tesla da ya sauka daga titi ana ruwan sama, yana ƙoƙarin saita waifa a jikin allo. Alƙalai suka ɗauke shi kamar mai latsa waya yana tuƙi. Ita Tesla ɗin ma a 2023 ta cire sandar sigina daga wata motarta, ta mayar da ita maɓallai a jikin sitiyari. Ka shiga shataletale da irin wannan, sitiyari ya juya, dama ta koma hagu, sai ka duba kafin ka san wanne za ka danna.

Da tsohuwar zuma ake magani. Hukumar Euro NCAP, wadda take gwada motoci a Turai tana ba su taurari, ta ce daga 2026 mota ba za ta samu cikakken maki ba sai abubuwa biyar suna da maɓalli ko sanda da hannu zai taɓa: sigina, fitilar gargaɗi mai ƙiftawa, hon, waifa, da maɓallin kiran agaji. Volkswagen ma ta fito fili ta ce za ta dawo da maɓallai. Mu a nan muna da ƙarin dalili. Allon nan kamar taransfomar unguwa yake, ranar da ta buga kowa sai ya kwana a duhu. Ga ranar Kano ta watan Afrilu tana dafa shi, ga ƙura. Maɓalli ɗaya in ya mutu, ka leƙa Ƙofar Ruwa ka samo wani, sauran suna aiki. Allo in ya mutu ya tafi da esi da rediyo da kyamara a rana guda. Ba wai allon ba shi da rana ba ne. Kyamarar baya, wadda Amurka ta wajabta wa sababbin motoci tun 2018, alheri ce babba a lungunan da yara suke wasa a gindin taya. A bar masa wannan da taswira, a bar wa hannu aikin hannu.

Sai batun fitila, wanda ya fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya. Duk wanda ya tashi a lungu ya san ladabin tocila. Kana tafe cikin duhu kana haska ƙasa don ka ga kwata, ka hango mutum, sai ka ƙara sunkuyar da ita. Yaron da ya dallare dattijo a fuska sai an bi shi har gida. Fitilar mota da wannan ladabin aka gina ta: akwai doguwa ta hanyar da ba kowa, akwai dim da ake saukarwa in an haɗu. Yau kuwa fitilu sun tashi daga jan ƙwai na da sun koma fararen LED masu kaifi, motocin kuma sun ƙara tsayi. Fitilar babbar jif tana daidai da idon mai ƙaramar mota, balle ɗan A Daidaita Sahu. In ta dallare ka, ko bayan ta wuce idonka yana ɗaukar lokaci kafin ya dawo, kamar wanda ya shigo zaure daga tsakar rana. Na dattijo ya fi daɗewa. A cikin wannan ɗan duhun ne mai keke yake, ba fitila, da baƙar riga.

Rabin laifin ba na kamfani ba ne, namu ne. Mutum ya kai mota wurin mai rewaya ya ce a sa masa ƙwai mai ƙarfi. Sai a ciro ƙwan asali a cusa na LED a gidan da ba don shi aka ƙera ba. Kwanon da ke bayan ƙwai kamar bakin buta yake, shi yake tattara haske ya zuba shi inda ake so. Ka sa masa ƙwan da ba nasa ba, ya zama kamar watsa ruwa da ƙwarya: kowa ya jiƙe, ƙafar da ake son wankewa ba ta samu ba. Mai motar yana ganin bango ya yi fari yana murna, alhali ganinsa na nesa bai ƙaru ba, na gabansa kawai ya makantar.

Ga kuma lodi. Ka lura da amalanke in an jibge kaya a bayansa, gaba sai ya ɗaga sama. Haka mota take in an cika but da buhuna, an zuba mutum huɗu a baya: dim ɗinta ya koma doguwa ba tare da direba ya sani ba. Motoci da yawa 'yan Kwatano suna da ɗan gare-gare kusa da sitiyari, an rubuta 0, 1, 2, 3, aikinsa ke nan ya sunkuyar da fitila in kaya sun yi nauyi, amma sai ka ga mai mota ya shekara biyar bai taɓa shi ba. Akwai kuma motocin da aka ƙera don Ingila ko Japan aka juya musu sitiyari. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, su kuwa fitilunsu an karkata su ne don masu bin hagu. In ba a canza su ba, hasken da ya kamata ya tafi gefen hanya idon mai tahowa yake shiga. Lokacin hazo ma doguwar fitila ba ta da amfani, ƙura ce take maido maka da haskenka, kamar ka haska farin labule. Dim da ƙananan fitilun ƙasa su ne abokan tafiya.

Wani tarkon ya fi waɗannan ɓoyuwa. Sababbin motoci suna da fitilun rana a gaba da suke kama kansu da zarar an tayar da inji, agogon gaban direba ma kullum a haske yake. Dare ya yi, direba ya ga haske a gabansa, ya ɗauka ya kunna fitila, alhali a motoci da yawa bayan yana nan baƙi ƙirin. Gida ne aka sa wa ƙwai a ƙofa aka bar katangar baya a rushe, ga tirela tana biye. Abin ya dami ƙasar Kanada har ta yi doka a kansa a 2021. Batun dallare ido kuwa, masu ƙera mota sun fito da fitila mai wayo, wadda Audi ta fara sayarwa a 2013, mai ƙananan ƙwayaye da yawa da kyamara. Ta hango mota, sai ta kashe waɗanda suke kallon direban ta bar sauran, kamar mai tocila da ya kare gefe da tafin hannunsa. Kafin irinta ta yawaita a titunanmu da sauran tafiya, ladabin yana hannunmu.

Saboda haka, malam, in ka je sayen mota kada girman allo ya ruɗe ka. Zauna a kujera, ka kalli gaba, ka nemi sigina da waifa da hon da fitilar gargaɗi da hannu kawai. Abin da ba ka samu ba sai da ka duba, ka san za ka neme shi wata rana kana cikin gudu. In kana da mota, yau da daddare ka tsayar da ita nesa kaɗan da bango, ka kunna dim, ka ga ko hasken ya tsaya ƙasa da tsayin fitilar, sannan ka zagaya baya ka tabbata jajayen suna ci. Masu rewaya su ji tsoron Allah su daina sa ƙwan da ba na gidan ba. Jami'an FRSC da KAROTA kuma, yadda suke duba takardu da rana, su riƙa duba fitilu da dare. Ka haɗu da mota ka sauke mata fitila, ko ita ba ta sauke maka ba, domin makaho ɗaya a kan titi ya fi makafi biyu sauƙi.