Karatun Rani: Abin da Masu Karatunmu Suka Ce

Kaka ta wuce, an zuba dawa da gero a rumbu, an sayar da abin sayarwa. Yara sun dawo gida hutun Kirsimeti da na Sabuwar Shekara. Daga nan har ruwan farko, manomi yana da abin da ba ya samu da damina, wato lokaci. Saboda haka muka roƙi magatakardan ƙungiyoyinmu su tambayi 'yan'uwa irin littattafan da suka karanta a ranin bara, da abin da suka gani a cikinsu. Mun gode wa waɗanda suka amsa.

Muna da dalilin yin wannan tambaya. Malaman ajin yaƙi da jahilci sun daɗe suna kawo mana kuka ɗaya. Mutum ya yi rani biyu yana wahala har ya iya haɗa baƙi, ya karɓi takardar shaida, sa'an nan ya koma gida inda babu ko ƙyallen takarda. Bayan 'yan shekaru sai a gan shi yana dangwala yatsa a littafin bashin taki kamar bai taɓa shiga aji ba. Karatu kamar fartanya ne, in an jingine shi sai ya yi tsatsa. Ƙungiyoyi da dama sun yarda su ware ɗan kuɗi su sayi littattafai na kowa da kowa. Amma kuɗin kaɗan ne, dole a zaɓa. A nan gardama ta tashi.

Tsofaffin labaru

Littafin da aka fi ambata mana shi ne Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito kashi uku a ƙarshen shekarun 1930. Dattawa sun tuna da shi tun suna firamare. Labarin aku ne da yake ba Musa ɗan Sarki Abdurrahman labaru dare bayan dare, don ya hana shi fita daga gida ya faɗa tarkon mugun waziri. Wani malamin ajin manya ya ce ya fi son sa domin labarun gajeru ne, ana gama ɗaya kafin man fitila ya ƙare, kuma sabon mai karatu yana jin daɗi in ya ga ya kai ƙarshen abu da kansa. Amma wata uwa ta ce akwai kalmomin fada da na malanta da yaranta ba su gane ba, musamman da yake Hausa ba ita ce harshen gidansu ba. Shawararta ita ce a karanta shi a taro, inda mai sani zai bayyana wa maras sani.

A 1933 ofishin fassara na Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ya sa gasar rubuta labaru da Hausa. Daga wannan yunƙuri aka sami littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida na Wusasa tare da East. Uku daga cikinsu sun sha ambato a amsoshin da muka samu.

Samari sun zaɓi Ruwan Bagaja saboda dariya. Alhaji Imam ya bar Kwantagora neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, yana ta haɗuwa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, kowa yana ɗana wa ɗan'uwansa tarko. Wani dattijo bai ji daɗin wannan ba. A ganinsa littafin yana sa yara su ɗauka wayo da damfara abin yabo ne. Wani tsaransa ya amsa masa cewa gara yaro ya fara ganin ɗan damfara a takarda kafin ya gamu da shi a tashar mota.

Shaihu Umar kuwa mata ne suka fi magana a kansa. Labarin zamanin bauta ne. An sace yaro, ya faɗa hannun wani Balarabe, aka ƙetare hamada da shi, uwarsa ta bi sawunsa har ita ma aka bautar da ita. An yi fim ɗinsa a 1976. Wata tsohuwa ta ce da aka karanta mata shi ta tuna labarun da kakarta ta ba ta, na lokacin da mutanensu suke kwana a kan duwatsu don tsoron mahara. Ta ce littafin yana da nauyi, amma ya kamata jikokinta su ji shi.

Jiki Magayi ya raba kan masu karatu. Wani attajiri, Malam Shehu, ya raba Abubakar da Zainab wadda yake so, Abubakar ya shiga duniya neman abin ramuwa, mugun abin ya sauka a kan yaron da aka haifa, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Wasu sun ce akwai tsafi da yawa a ciki, bai dace da akwatin ƙungiya ba. Wasu sun ce ba su taɓa karanta littafin da ya nuna ƙarshen ramuwa da auren kuɗi a fili kamarsa ba, domin babu wanda ya ci riba, har shi mai ramuwar. Mu dai muna tare da na biyun, amma mun yarda littafin manya ne.

Labarun da suka taɓa zamanmu na yau

Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1970, labarin saurayi ne da ya raina ƙauye ya tafi birni, ya faɗa cikin miyagun abokai. Iyaye sun yaba masa ƙwarai, don kowace shekara da rani suna rakiyar 'ya'yansu zuwa ci-rani, ba duka ke dawowa da shuka ba. Amma wani saurayi ya rubuto mana abin da ya kamata mu ji. Ya ce littafin ya faɗi gaskiya a kan birni, sai dai ba kwaɗayi kaɗai ke korar matasa ba. Wanda ba shi da gonar kansa, ba fadama, ba jari, me zai zauna yi wata biyar? Ya ce in dattawa za su ba shi littafin, su haɗa masa da ɗan fili a bakin rafi. Muna roƙon kwamitoci su karanta wannan magana sau biyu.

A kan littattafan soyayya da suka yawaita a Kano tun tsakiyar shekarun 1980, waɗanda yanzu 'yan mata da yawa suke karantawa a waya, maza sun yi ta ƙorafi cewa ɓata lokaci ne. Mata ba su yarda a yi musu kuɗin goro ba. Sun kawo misalin Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, labarin Rabi wadda mijinta ɗan kasuwa ya kora da 'ya'yanta bayan ya yi sabon aure, ta kama sayar da abinci har ta riƙe gidanta. Sun ce a kowane gari akwai irin Rabi, kuma littafin ya sa sun yi magana a taronsu a kan sana'ar mata da adashi. Sun ambaci So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed, na 1980, wanda ya taɓa zancen aure tsakanin ƙabilu. Shawararsu ita ce a bar mata su zaɓi nasu rabon da kansu, wata babba ta fara karantawa kafin a ba yara.

Littafin da ya tsorata kwamiti

Ba mu zaci Gandun Dabbobi zai jawo magana haka ba. Wani Bature ɗan Ingila, George Orwell, ya rubuta shi, aka buga a 1945, Bala Abdullahi Funtuwa ya mai da shi Hausa a 1975. Dabbobi sun kori mai gandu, suka ce daga yau gandun na kowa ne, suka rubuta dokokinsu a bango. Aladu, da yake su suka fi iya karatu, suka zama shugabanni. Sannu a hankali suna sake dokokin da dare, sauran dabbobi suna jin kamar ba haka aka rubuta da farko ba, amma ba su iya tabbatarwa. Dokin da ya fi kowa aiki, da ƙarfinsa ya ƙare, sai aka sayar da shi.

Wata ƙungiya ta karanta shi a taro cikin makonni kaɗan. Magatakardanta ya gaya mana cewa da aka gama, wani memba ya miƙe ya roƙi a karanta dokokin ƙungiyarsu da babbar murya, a kuma buɗe littafin ma'aji kowa ya gani. Ba a sami ɓarna ba. Amma an gano cewa yawancin membobi ba su taɓa jin dokokin ba tun ranar kafa ƙungiya. Ma'ajin ya ɗan ji zafi da farko, daga baya ya ce gara haka, don yanzu ba mai zarginsa a bayan ido. Wani shugaba daga wata ƙungiya dabam ya ce littafin yana koya wa mutane raina na gaba. Ba mu ga haka ba. Shugaba mai gaskiya ba ya tsoron membobi masu karatu.

Littattafan sani

Akwai 'yan'uwa da suka ce kuɗin ƙungiya na gumi ne, kada a kashe ko kwabo a kan ƙagaggen labari. Su abin da suke so shi ne ƙasidun aikin gona irin waɗanda ma'aikatan faɗakar da manoma na Samaru, Zariya, suke bugawa, a kan iri, da taki, da ajiyar hatsi, da kiwon kaji. Sun yi gaskiya cewa mai iya karanta abin da aka rubuta a jikin kwalbar maganin feshi yana tsare ransa da na iyalinsa.

Sun ambaci littafin nan na David Werner a kan lafiya a inda babu likita, wanda ya fito da Turanci a 1977. Wata unguwarzoma ta ce ɗanta yana karanta mata shi yana fassarawa, hotunan ciki kuma suna taimako, musamman wajen haɗa ruwan gishiri da sukari ga yaro mai zawo. Ta ƙara da gargaɗi cewa littafi ba ya maye gurbin asibiti, kuma a nemi sabon bugu, don magungunan zazzaɓin cizon sauro sun sake tun bugun farko.

Masu son tarihi sun zaɓi Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, da Tafiya Mabuɗin Ilmi, inda Abubakar Imam ya ba da labarin zuwansa Ingila a 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu. Wani malamin makaranta ya yaba wa Ikon Allah, na East da Imam, mai bayanin tsiro da dabbobi da sauran halitta, ko da yake ya ce ilmi ya ci gaba tun lokacin da aka rubuta shi. Domin ƙananan yara kuwa, an fi ambatar Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya.

Ra'ayinmu

Mun auna maganar kowa. Abin da muka lura shi ne, a ƙungiyoyin da suka sayi ƙasidu kaɗai, ƙasidun suna nan sababbi ƙal a akwati. A inda aka haɗa da labaru, har ƙasidun sun tsufa da shafa. Daɗin labari ne ke riƙe mutum a kan takarda har idonsa ya saba, in ya saba kuwa ba ya jin tsoron takardar taki ko ta bashi. Don haka muna ba da shawara a raba kuɗin biyu, rabi labaru, rabi littattafan sani.

A sami akwatin ƙarfe mai murfi, a ɗora shi a kan dutse ko benci saboda gara. A naɗa mutum ɗaya, mace ko namiji, ya riƙe littafin aro, ya rubuta suna da rana. Kada aro ya wuce mako biyu. A keɓe maraice ɗaya a mako a yi karatu a fili, a fara da labari, a rufe da shafi ɗaya na ƙasidar gona, a bar sababbin masu karatu su karanta ko layi uku ne, ba mai yi musu dariya. 'Yan makaranta da ke hutu su taimaka. Wasu tsofaffin littattafan suna da wuyar samu, sai a tambayi masu kantin littattafai a Zariya, Kano, Jos ko Kaduna, ko malaman Hausa na sakandare. In ƙungiyar maƙwabta tana da akwati, a yi musaya a tsakiyar rani.

Kafin ruwan farko ya sauka, ku aiko mana da labarin abin da kuka karanta da gardamar da ta biyo baya. Allah shi kai mu damina lafiya.