Ƙungiyoyin Duniya ko Taurarin Ɗan Adam: Ina Ɗan Konkur na Sanam Zai Fi Zuba Ƙarfi?

Duk sa'ad da gwamnati ta buɗe konkur na ɗaukar ma'aikata, ko na shiga makarantar ENA ta Yamai, matasan Sanam da Abala da Filinge sukan yi karo da wani darasi da ba a taɓa zaunar da su a aji an koya musu ba, wato sanin halin da duniya ke ciki. Lissafi yana da littafinsa, Faransanci yana da nahawunsa, shi kuwa wannan ba a san inda ya tsaya ba. A takardun shiri da ake sayarwa a Yamai, da waɗanda ake turawa ta WhatsApp, babi biyu sukan zo a jere: na ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, da na kimiyyar sararin samaniya. Wanda jarrabawa ta matso masa, wayarsa kuma tana can wurin mai caji rabin yini, dole ya san wanda zai fi bai wa dare.

Da yawa sukan ɗauka cewa babin ƙungiyoyi shi ne mai sauƙi, tun da sunayen kullum suna bakin rediyo, na sararin samaniya kuwa sai a ce aikin Turawa ne. A ganina an juya zancen. Babin ƙungiyoyi ya fi wuya, kuma a nan aka fi zubar da maki ba tare da an sani ba.

Ɗauki irin takardar nan da aka yi ta bugawa a na'urar kwafi har haruffanta suka fara cinyewa, wadda wa ya bar wa ƙane. A shafin CEDEAO za ka ga an rubuta: an kafa ta a Legas ranar 28 ga Mayu 1975, mazauninta Abuja, ƙasashe 15. Idan an yi sa'a, wani ya ja layi da biro a kan 15 ya rubuta 12 a gefe. Idan ba a yi sa'a ba, yaro zai haddace 15 ya shiga ɗakin jarrabawa da ita, alhali ƙasarsa ce ɗaya daga cikin ukun da suka fice. Ko wanda ya san an fice ɗin ma, akwai rami a gabansa. Nijar da Mali da Burkina Faso sun ba da sanarwar fita ranar 28 ga Janairu 2024, amma fitar ba ta tabbata a wurin ƙungiyar ba sai 29 ga Janairu 2025, domin yarjejeniyarta ta ce mai son fita ya ba da sanarwar shekara guda. Tambaya ɗaya, amsa biyu a gaba, kuma mai gyaran takarda ɗaya kaɗai yake jira, gwargwadon yadda aka jera kalmomin tambayar.

Haka abin yake da AES, ƙawancen waɗannan ƙasashe uku. An sa hannu kan yarjejeniyar Liptako-Gurma ranar 16 ga Satumba 2023, lokacin ƙawance ne na tsaro. Sai a taron Yamai na 6 ga Yuli 2024 aka mai da shi haɗakar ƙasashe, aka bai wa Assimi Goita na Mali shugabancin farko. A Disamba 2023 Nijar da Burkina suka bar G5 Sahel, wadda Mali ta riga ta bari tun Mayu 2022. A Maris 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, OIF, wadda aka aza tubalinta a Yamai ɗin nan ranar 20 ga Maris 1970, Diori Hamani yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata a kanta. A watan ne kuma sabon kundin da aka ƙaddamar ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, wanda ko shi kaɗai ya isa ya sa Bakurfaye, wato mutumin Kurfai na yankin Filinge, ya gyara zama. A Satumba 2025 ƙasashen uku suka ce za su bar Kotun Duniya ta manyan laifuka. Duk wannan cikin shekara biyu da 'yan kwanaki.

Abin da ya fi ruɗa ɗalibai shi ne waɗanda ba a fita ba. Nijar tana nan cikin UEMOA, shi ya sa jikar da ke aljihunka har yau sefa ce. Tarayyar Afirka dakatar da Nijar ta yi a Agusta 2023, ba Nijar ce ta fita ba, kuma dakatarwa daban, fita daban. Kujerarmu a Majalisar Ɗinkin Duniya tana nan, har mun zauna a Kwamitin Sulhu a 2020 da 2021. Hukumar kula da kogin Isa, ABN, mazauninta Yamai ne, Najeriya da Benin kuma suna ciki. Wanda ya ɗauki zancen mahawarar masu shayi cewa "mun fita daga komai" ya kai shi takarda, ya faɗi tun kafin a tattara.

Mutumin Kurfai ba a littafi ya fara sanin waɗannan ƙungiyoyi ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, shugabannin CEDEAO sun zauna a Abuja ranar 30 ga wata suka sa takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take turowa, shinkafa da magani suka yi tsada har kasuwannin ƙauye, ba a ɗage ba sai 24 ga Fabrairu 2024. Tun 2012 'yan gudun hijirar Mali ke zaune a Abala, don haka motocin hukumar 'yan gudun hijira HCR da buhunan hukumar abinci PAM ba baƙi ba ne a wannan yanki. Sakataren da za a tura ofishin magajin gari a Sanam ko ofishin farfe a Filinge, da waɗannan zai riƙa musayar takarda. Ya kamata ya san cewa HCR daga Janeba take karɓar umarni, PAM daga Roma, ya kuma san wace ce reshen Majalisar Ɗinkin Duniya, wace ce ƙungiya mai zaman kanta da gwamnati za ta iya cewa ta tattara nata ya nata, kamar yadda aka yi wa kwamitin Red Cross na duniya a Fabrairu 2025.

To, sararin samaniya fa? Alherinsa na farko shi ne ba ya canja magana. Sputnik ya tashi ranar 4 ga Oktoba 1957, Yuri Gagarin ya zagaya duniya ranar 12 ga Afrilu 1961, Amurkawa sun taka wata a Yuli 1969, kumbon Indiya Chandrayaan-3 ya sauka kusa da ƙuryar kudu ta wata ranar 23 ga Agusta 2023, na Sin Chang'e-6 ya dawo da ƙasar bayan wata a Yuni 2024. Babu taron shugabannin da zai zauna ya soke ko ɗaya. Sanin ƙungiyoyi kamar madara yake, ka ajiye kwana biyu ta juya. Wannan kuwa gero ne a rumbu. Dare biyu sun isa a kwashe waɗannan ranaku, kuma wanda ya ƙi kwasa ya bar maki a ƙasa don ganin dama.

Sai dai ranakun su ne mafi ƙarancin amfani a babin. Abin da ya cancanci zama shi ne yadda abin ke aiki, kuma nan ne na ga ana gudu ba dalili. Dubi farantin tauraro da ke kan rufin gidan kallon ƙwallo, an danne ƙafarsa da bulo biyu don kada iskar hadari ta gusa shi. Me ya sa sau ɗaya ake saita shi, shekara da shekaru bai motsa ba, alhali duniya tana juyawa? Domin tauraron da yake kallo yana can sama da tsakiyar duniya, nisan kilomita kusan 36,000, inda zagaye ɗaya ke ɗaukar kwana guda cur, daidai da juyawar ƙasa. Shi ya sa a idonmu yake tsaye. Taurarin Starlink, da suka fara aiki a Nijar a Maris 2025, nisansu bai wuce kilomita 550 ba ko kusa da haka, gudu suke suna wucewa, don haka ake buƙatar dubbai, kuma kusancin ne ke sa saƙo ya je ya dawo da sauri. Wanda ya gane wannan ya amsa tambaya biyar da bai taɓa gani ba.

A can saman ne Meteosat na Turai yake zaune yana ɗaukar hoton Afirka kowane minti 15, sabon da aka harba a Disamba 2022 kuma kowane minti 10. Ba ruwan sama yake gani ba, sanyin saman gajimare yake aunawa. Gajimaren da ya yi tsawo kansa ya fi sanyi, irinsa ne ke zubar da ruwa, daga nan ake ƙiyasta abin da ya sauka a inda babu ma'aunin ruwa. Wasu taurarin kuma ɗanyen ganye suke bi, saboda yana mayar da wani haske da idon mutum ba ya gani. Kowane kwana 10 a fitar da taswira: kore inda ciyawa ta kama, ruwan ƙasa inda ta ƙi. Da irin wannan taswira, haɗe da ciyawar da ma'aikata ke yanka su auna a daji, ma'aikatar kiwo ke lissafin ko abincin dabbobi zai kai rani. Ga ƙasar da ke da garken shanun Azawak na Tukunus a arewacin Filinge, da makiyayan da ke ratsa Dallol Boso kowace shekara, wannan ba labarin Turawa ba ne. Wanda ya ga abin da fara ta yi a 2004, da yunwar da ta biyo baya a 2005, ya san darajar a hango inda hamada ta yi kore tun kafin fara ta taru, kuma da hotunan tauraro hukumar abinci da noma FAO ke wannan sa ido.

Shi ma babin nan yana da gefen da ke motsi. A Satumba 2024 ƙasashen AES sun cimma yarjejeniya a Bamako da kamfanin Glavkosmos na Rasha, a Nuwamba kuma Nijar ta sa hannu kan sayen taurari uku: na sadarwa, na ɗaukar hoto, da na rada. Senegal ta harba nata na farko, Gaindesat-1A, a Agusta 2024. An buɗe Hukumar Sararin Samaniya ta Afirka a Masar ranar 20 ga Afrilu 2025. A nan ɗalibi ya kiyaye da bambancin sa hannu da harbawa, da kuma harbawa da daɗewa. Najeriya ta harba NigeriaSat-1 a Satumba 2003 ya yi aiki, amma NigComSat-1 da Sin ta harba mata a Mayu 2007 ya mutu a Nuwamba 2008, sai a Disamba 2011 aka maye gurbinsa.

Abin da ya sa nake cewa ƙungiyoyi sun fi nauyi a sikeli shi ne, duk wannan gani daga sama ta ƙofarsu yake shigo mana. Meteosat na EUMETSAT ne, ƙungiyar ƙasashen Turai mai mazauni a Jamus. Hotunan suna isa hannun masana a cibiyar AGRHYMET ta Yamai, wadda aka kafa a 1974 a ƙarƙashin CILSS, kwamitin yaƙi da fari a Sahel, ita kuma CILSS farin 1973 ne ya haife ta a Wagadugu. ACMAD, cibiyar yanayi ta Afirka baki ɗaya, ita ma a Yamai take. Ko taurarin da Nijar ta yi odar su, ba za su samu gurbi a sama da zangon da za su yi magana a kai ba sai ta hannun Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya da ke Janeba. Wata uku bayan sanarwar fita daga CEDEAO, a Afrilu 2024, masana yanayi na yankin suka taru a Abuja ƙarƙashin jagorancin AGRHYMET suka yi hasashen cewa damina za ta yi ruwa fiye da yadda aka saba a Sahel. Ta kuwa yi: ambaliya ta kashe mutum sama da 300 a Nijar, tsohon masallacin Damagaram ya rushe a farkon Satumba, aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Idan aka ba ɗan konkur jigon rubutu a kan ikon ƙasa da haɗin kan ƙasashe, wannan misali ɗaya ya fi masa jerin sunayen sakatarori goma.

Da ni zan raba wa ƙanena lokaci, kashi biyu cikin uku zan bai wa ƙungiyoyi. Kowace ya ba ta shafi guda a littafinsa: abin da ya sa aka kafa ta, shekara, da mazauni ya rubuta da biro, yawan ƙasashe, sunan shugaba, da matsayin Nijar a ciki ya rubuta da fensir, ya sa ranar da ya ji labarin a gefe. Labaran Muryar Sahel da na Studio Kalangou sun ishe shi gyara, in ya samu jaridar Le Sahel daga mai zuwa Yamai ya haɗa. Ya yi hattara da takardun da aka shirya don konkur na Dakar ko Abijan, domin abin da yake daidai game da ƙasarsu ba lallai ya zama daidai game da tamu ba.

Akwai waɗanda wannan rabo bai dace da su ba. Mai neman aikin gona, kiwo, gandun daji ko ma'aikatar yanayi ya juya lissafin, domin shi taswirar ciyawa da ƙiyasin ruwa ne kayan aikinsa tun ranar farko. Saura kuwa su fara da shafin Majalisar Ɗinkin Duniya: wa'adin António Guterres na biyu zai ƙare ranar 31 ga Disamba 2026, shugaban hukumar Tarayyar Afirka kuma tun Fabrairu 2025 aka zaɓi Mahmoud Ali Youssouf na Jibuti, ko da yake tsofaffin takardu har yanzu Moussa Faki Mahamat suke cewa.