Yaron da Bai Yi Magana Ba: Galahanga a Unguwannin Hausawan Fatakwal

A unguwannin Hausawa na Fatakwal, daga Diobu har Oyigbo, yaro kan tashi da harsuna uku a kunne: Hausa a gida, buroka a layi, Turanci a makaranta. Shi ya sa idan ya kai shekara uku bai fara magana ba, amsar da ake ba uwarsa a shirye take: “Yarukan ne suka yi masa yawa, zai yi.” Wasu su ce nauyin baki ne na gado, wasu su ce shafar aljanu. Wani lokaci a tura shi Arewa wajen kaka, ko jin Hausa zalla ya buɗe masa baki.

Masana sun tabbatar jin harsuna da yawa ba ya hana yaro magana. Cikin abubuwan da kan jawo irin wannan shiru akwai galahanga, wadda likitoci ke kira otizim. Bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa tun yaro na ciki, kuma gado na da babban hannu a ciki. Likita Leo Kanner ne ya bayyana ta a Amurka a 1943, bayan ya nazarci yara 11. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana shafar kusan yaro ɗaya cikin 100, kuma an fi gano ta a maza. Ba rigakafi ke kawo ta ba: mujallar Lancet da ta buga wannan zargi a 1998 ta janye shi a 2010.

Rashin magana kaɗai bai isa hujja ba. Abin lura shi ne yaro ya shekara ana kiran sunansa ba ya waiwaye alhali yana ji, ba ya haɗa ido, ba ya nuna abu da yatsa don a gani tare da shi. Wani yakan fara faɗin “Mama” sannan kalmar ta ɓace. Wani ya yi ta kaɗa hannu ko jera murafun kwalba, ƙarar janareto ta sa shi toshe kunne yana ihu. Lamarin hawa-hawa ne: akwai mai buƙatar kulawa har abada, akwai wanda zai gama jami’a ana ce masa miskili kawai.

Matsalar rashin fahimtar galahanga ba ta iyaye kaɗai ba ce. Binciken da Dakta Muideen Bakare da abokan aikinsa suka yi daga Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Enugu ya nuna har cikin ma’aikatan lafiya akwai masu ɗora galahanga a kan sihiri da iskokai. Sakamakon haka, yara da yawa ba sa isa hannun ƙwararre sai sun yi girma, bayan shekarun da horo ya fi kama jiki sun wuce.

Uwar da ta ga alamu ta nemi likitan yara a Asibitin Koyarwa na Jami’ar Fatakwal, ko na Jami’ar Jihar Ribas. A fara da gwajin ji, domin a tabbatar ba kurumta ba ce. Ba a gano galahanga ta gwajin jini, sai ta lura da ɗabi’ar yaro da tambayar iyaye. Babu maganin da ke warkar da ita. Duk mai sayar da irinsa kuɗi yake nema. Amma farfaɗiya da rashin barci, waɗanda kan zo tare da ita, suna da magani. Addu’a ba ta hana zuwa asibiti. Duka da ɗauri da sunan fitar da aljani kuwa zalunci ne.

A gida, a tsayar masa da lokacin ci da wanka da barci. A yi masa gajerun jimloli, a haɗa da hoto ko nuni, da Hausar da uwa ta fi sakewa da ita. A sanar da malamin Islamiyya, ya zaunar da shi nesa da hayaniya.

Yaron nan zai girma, don haka a fara tunanin sana’arsa da wuri. Da yawan masu galahanga kan ƙware a aikin da ke da tsari, kamar ɗinki, gyaran waya ko lissafin kaya a shago, in sun sami maigida mai haƙuri. Dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Sarakunan Hausawa da kwamitocin masallatai na iya haɗa irin waɗannan iyalai wuri guda, su gayyato likita, su kuma nemo wa matasan iyayen gida a kasuwa.